Na iya buɗe ciki amma takarda ta kayar da ni, ƴan DES ku taimaka

Likitan Daji ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan zaure, manyanmu ina gaisuwa. Na jima ina shigowa nan ina karatu shiru, yau dai na ce bari in fito da abin da ke ci na a rai ko Allah zai sa in samu mai ɗora ni a hanya.

Ni janaralis ne, wato likitan da bai ƙware a fanni guda ba, shekara biyar ke nan ina wani asibitin gunduma a nan jihar Damagaram, ba sai na kama suna ba. Na yi horon nan na tiyatar gunduma da ake ce ma CCD, to tun daga lokacin duk abin da ya faɗo cikin dare ni ake buga ma ƙofa, sezariyen ne, ƙaba ce ta shaƙe, afandis ne, ko yaron da taifot ya huda ma hanji aka ajiye shi kwana huɗu a gida ana ɗura mashi jiƙe-jiƙe sai da ciki ya koma kamar katako sannan aka ɗoro shi a amalanke. Wanda na ga ya fi ƙarfina in sa mashi sondi, in ɗaura serom, in rubuta takarda a miƙa shi Zandar. Ba yabon kai ba, majo ɗin bulok ɗinmu, wato babban nas na ɗakin tiyata, shaida ne, hannuna ba ya rawa.

Bara na shirya na tafi na zauna jarrabawar shiga DES ta babbar tiyata, wato karatun ƙwarewa na shekara biyar. Na tafi da ƙarfin gwiwata wlh, har na ce ma maiɗakina ta fara ɗaure kaya. Aka raba takarda, tambayar anatomi ta fito, kanal ingwinal, wato hanyar nan ta matsematsi da ƙaba ke bi. Na yi murmushi, don wurin nan hannuna na shiga cikinsa kusan kowane mako, na san shi kamar yadda na san lungun gidanmu a Birni. Na ɗauki bik, na fi minti goma ban rubuta layi ɗaya na kirki ba. A ce in jera bango huɗu kowanne da sunansa, in zana, in faɗi abin da ke wucewa ciki, sai kaina ya ƙulle. Tambaya ta biyu feritonit ce, wato kumburin shimfiɗar cikin ciki irin wanda hujin hanji ke kawowa, wannan kam na cika shafi huɗu, duk abin da na sani na zuba. Da sakamako ya fito 7 bisa 20 nake da ita a wannan ɗin da na cika shafi huɗun. Wani yaro da ya kare tez ɗinsa na gama karatun likita wata shida kafin nan, wanda na tabbata bai taɓa rufe ciki shi kaɗai ba, shi ya ci ni na faɗi. Ban yi mashi hassada ba Allah ya sani, amma na yi sati biyu abinci ba ya yi mani daɗi.

Yanzu tambayata. Yaya mutum zai shirya wannan jarrabawa alhali shi kaɗai ne mai wuƙa a gunduma, ba laburare, rezo sai an hau tudu, wuta kuma kun san halinta a watan Afrilu da Mayu? In Allah ya sa an shiga, mi ake auna mutum da shi cikin shekara biyar ɗin nan, don ina jin ana cewa shiga ba ita ce wahala ba? Sannan wani abokina yana ta zuga ni wai in bar wahalar da kaina in bi ta Najeriya tun da Kano ta fi mana Yamai kusa, shin akwai wanda ya bi ta can? Ina da mata da yara uku, ba ni da shekarar da zan sake zubarwa a banza.

Ɗan Garin Malam ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina shekara ta huɗu, kuma ni ma sai a karo na biyu na shiga, don haka ɗacin nan na san shi.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Bakwai ɗin nan da aka ba ka ba zalunci ba ne. Na rantse ko ban ga takardarka ba na san yadda ka rubuta ta: layi biyu kan ciwon ciki da zazzaɓi, daga nan ka faɗa bulok, ka tsaga, ka tsotse ruwa, ka nemo huji, ka ɗinke, ka wanke, ka sa diren. Wato ka ba da labarin daren jiya. Shi kuwa mai gyaran takarda yana da jerin abubuwan da yake nema a gabansa, kowanne da makinsa, in bai gan su a inda ya saba ganin su ba ba zai tsaya tone-tone cikin shafi huɗu ba. Yaron nan da ya ci bai fi ka sanin ciki ba, filan ya fi ka, wato tsarin jera amsa, kuma jarrabawar shiga filan take aunawa.

Filan ɗin kuwa guda ne, ko maƙoƙo aka tambaye ka ko basir. Ma'anar cutar a jimla ɗaya. Dalilin da ya sa take da muhimmanci. Ƴar tunatarwa kan anatomi da yadda cutar take ɓarna. Sai alamu, kuma nan sai ka zaɓi mara lafiya guda ka bayyana shi daga kai har ƙafa, abin da ya faɗa, abin da ka gani, abin da ka taɓa, gwaje-gwaje, sannan ka kawo sauran kamannin da cutar ke zuwa da su. Sai yadda ake tabbatarwa, da cututtukan da ke kama da ita, da musabbabi. Magani shi ne na ƙarshe kuma shi ma gida uku ne: mi ake son cimma, da mi za a yi, wa za a yi ma wanne. Ka rufe da sa ido bayan aiki da matsalolin da kan biyo baya. Ɗauki hujin taifot ɗin da ka sani. Sai ka faɗi cewa galibi cikin mako na biyu zuwa na uku na ciwon yake faruwa, a ƙarshen ƙaramin hanji dab da inda yake haɗuwa da babba, a gefen da ba ya manne da mezanter, wato tantanin da ke riƙe hanji, inda ƙullutun garkuwar jiki da ake ce ma Peyer suke. Sai ka rubuta radiyon ciki a tsaye da iskar da ake gani ƙarƙashin diyafaram kamar jinjirin wata. Kafin ka ambaci wuƙa sai ka cika rabin shafi da farfaɗo da mara lafiya, jijiya biyu, ruwa, sondin hanci, sondin fitsari da auna abin da ke fita kowace awa, antibiyotik, rukunin jini. Kana yin duk wannan a asibitinka na sani, amma da yake ya zama jiki ba ka ganin abin rubutawa ne. To akwai abin da ake ce ma PMZ, ba ka sa ba sifili. Wasu malaman in ka tsallake farfaɗowa duk kyan ɗinkin da ka bayyana ba za su duba ba. Sannan a wajen aiki kar ka kawo hanya ɗaya da ka saba, ka kawo ukun, a gyara bakin huji a ɗinke, ko a yanke guntun hanji a haɗa, ko a fito da hanji waje, ka ce wanne ya dace da huji ɗaya a ciki mai ɗan tsabta, wanne ya dace da huji barkatai, wanne ya dace da yaron da ya zo a galabaice ciki cike da ƙazanta.

Anatomi kuma ba a karanta ta da ido, da hannu ake karanta ta. Sayi alli mai launi, ka shafe bango guda na ɗakin gardi da baƙin fenti. Ja jijiyar da ke kai jini, shuɗi mai dawo da shi, rawaya jijiyar ji, kuma kowane zane ka sa kibiya a kusurwa mai nuna sama da hagu, zanen da ba shi da wannan wasu ko kallonsa ba sa yi. Kanal ɗin da ya kayar da kai bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, ƙofa biyu bango huɗu: gaba afonebroz ta giran oblik, baya fasiya taransbersalis, sama tandon konjuwan, ƙasa ligaman ingwinal. Ka zana shi sau ashirin har ka iya zanawa kana hira da majo. Haka za ka yi wa kusurwar Calot da ke wajen matsarmama, da yanki takwas na hanta, da jijiyoyin tumbi, da jijiyar murya da ke bi ta bayan tiroyid, da dubura.

Maganar lokaci, ni abin da ya fisshe ni bayan sallar asuba ne, awa ɗaya da rabi kafin gari ya waye a fara sallama. Ka nemi jerin tambayoyin da suka fito shekarun baya wajen waɗanda suka riga ka, za ka ga ba su da yawan da kake tsoro kuma suna maimaita kansu. Kowace tambaya ka yi mata fish, takarda ɗaya gaba da baya, da rubutun hannunka, kar ka dogara da fish ɗin wani da ke yawo a WhatsApp don wasu cike suke da kuskure ana ta turawa. Ranar Lahadi ka ajiye agogo, ka zaro tambaya ɗaya cikin hula ba tare da ka duba ba, ka rubuta ta cikin awa ɗaya ba littafi. Ka ɗauki hoto ka turo mani, zan gyara da jan bik in dawo maka da ita, amma fa ba na sassauci. Kuma kai kana da abin da mu ba mu samu ba, duk mara lafiyar da ka yi wa aiki yau shi ne tambayarka ta gobe da asuba.

Gardi Ba Barci ya amsa:

Hhhh Dokta ka ce matarka ta ɗaure kaya? Ka ce ta kwance tukuna, ko ka ci ma shekarar farko ba gida za ka kwana ba. Ni shawarata ba ta karatu ba ce. Kafin ka tafi ka tabbatar takardar izinin tafiya karatu ta fito daga ma'aikata a hannunka take ba a baki ba, ka san matsayin albashinka, ka tara abin da zai riƙe gida aƙalla wata shida, ka yi lissafin kuɗin rijista na kowace shekara da haya. Zandar zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a bis, ba wajen da za ka ce bari in leƙa yara in dawo gobe ba ne. Na ga wanda anatomi ba ta kayar ba amma kuɗin haya ya kayar. Kuma sayi takalmi mai taushi, ƙafa ce ke fara yin DES kafin kai.

Ƴar Zango ta amsa:

Salam Dokta. Na gama nawa shekara biyu da suka wuce, a waje na yi, amma tsarin kusan ɗaya ne a ƙasashen da ke ƙarƙashin CAMES, wato majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, galibi masu Faransanci, ko Dakar ka je ko Bamako ko Wagadugu ko Kwatano ko nan gida, bambancin ƙanana ne, don haka ka nemi takardar dokokin wurin da za ka ka karanta da kanka. Ɗan Garin Malam ya gama maka maganar shiga, ni bari in taɓa tambayarka ta biyu don ita ce mutane ba sa yi sai sun shiga.

Abu huɗu ne za su bi ka kowace shekara. Rubutacciyar jarrabawa, jarrabawa a kan mara lafiya, makin da shugaban sashe zai ba ka a ƙarshen kowane istaj, wato zangon aiki a sashensa, da karnen da kake rubuta ayyukan da ka shiga. A ƙarshe kuma ga memwar, wato rubutun bincike, da za ka kare gaban juri. Za a juya ka sashe-sashe, ƙashi, mafitsara, yara, mata, gaggawa, ba ciki kaɗai ba, kuma wanda ka raina shi ke riƙe ka.

Karnen nan don Allah kar ka yi wasa da shi. Kowane aiki ka rubuta kwanan wata, lambar dosiye, ciwon, abin da aka yi, da matsayinka a ciki, kallo ka yi, ko taimako, ko kai ka yi babba na tsaye, ko kai kaɗai. Ka kai a sa hannu a satin, kar ka tara. Ni a shekara ta biyu na tara na wata biyar ina cewa gobe gobe, kafin in farga wanda zai sa mani hannu ya tafi wata ƙasa, na zauna da ayyuka sun fi sittin ba shaida, sai da na bi rijistar bulok shafi-shafi da dare ina kwafe lamba ina kuka. Kai ma tun yanzu a gundumarka ka buɗe kaye ka fara, ko ba za a lissafa maka shi a DES ba zai koya maka ɗabi'ar, kuma wa ya sani ko memwar ɗinka na cikinsa. Hujin taifot nawa ka yi cikin shekara biyar, nawa suka tashi, nawa ɗinki ya saki, kwana nawa suka yi a gida kafin su zo? In ba ka rubuta ba duk ya bi ruwa.

Jarrabawa kan mara lafiya kuwa ita ce mai sa babban mutum gumi. Za ka zaro lambar gado, a ba ka ɗan lokaci ka yi tambaya ka duba shi, a kulle ka a ɗaki ka tsara, sannan ka tsaya gaban malamai uku ko huɗu ka gabatar cikin mintocin da aka yanka maka, in lokaci ya cika ko kana tsakiyar jimla za a ce na gode. Nawa na shekara ta uku ba zan manta ba. Wata dattijuwa ce da kumburi a matsematsi, ina ganin ta na ce alhamdulillahi ƙaba, na duba sama-sama, na fito na zuba bayani kan ƙabar ingwinal har da sunayen hanyoyin gyaranta, Bassini da Shouldice da Lichtenstein, ina jin kaina. Shugaban juri ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, ƴata, kumburin nan sama da layin yake ko ƙasa? Na yi tsit. Ya kama hannuna muka koma gadon, ya gaishe da tsohuwar, ya nemi izininta, ya ɗora yatsana ɗaya kan ƙashin ƙugu ɗaya kan ƙashin mara, ya ce to duba. Ƙasa yake. Ƙabar kurural ce, mai fitowa ta saman cinya, wadda ta fi samun mata kuma ta fi saurin shaƙewa. Littafin duk na san shi, layin ne ban ja ba don na riga na yanke hukunci tun daga bakin ƙofa. Kai da ka daɗe a daji wannan ita ce ramin da ke jiranka, idonka ya saba gane ciwo daga nesa, su kuma so suke su ga ka bi matakala ɗaya bayan ɗaya, har da duba ɗaya gefen, har da tushe rektal, wato duba dubura da yatsa, in ya kama, har da tambayar ko yana tari ko yana yunƙurin fitsari ko aikin ƙarfi yake.

Wani abu kuma da ba a faɗa. Mara lafiya zai ba ka labarinsa da Hausa ko Barbarci ko Zabarmanci, ya fara tun daga bikin da ya ci nama, kai kuma cikin minti kaɗan sai ka mayar da shi Faransancin likita a jere. Wannan juyin sai an koya. Kullum in ka gama zagayen safe ka zaɓi gado ɗaya, ka kunna rikoda a waya, ka gabatar da shi da ƙarfi kamar juri na gabanka, ka saurari kanka da dare. Ranar farko za ka ji kunyar muryarka.

Bakano Na Aro ya amsa:

Ni ɗan Matamai ne amma a Najeriya na yi karatun likita tun daga farko, yanzu ina tsakiyar horon tiyata a nan, bari in amsa ta ukun a gajarce. Abokinka ya duba taswira ne kawai. E, Kano ba ta kai kilomita 300 daga Zandar ba, amma nisan ba a hanya yake ba.

Nan kwaleji biyu ke ba da shaidar ƙwarewa, ta ƙasa da ke Legas, da ta Afirka ta Yamma wato WACS, wadda asalinta tun 1960 ne a Ibadan. Matakai uku ne. Na farko firamare, anatomi da fiziyoloji da fatoloji, tambayoyin zaɓi ne a kwamfuta, ba dogon rubutu, amma suna shiga lungu-lungu. Sai ka samu gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi, irin su asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ka yi shekarun ƙarami ka zauna jarrabawa ta biyu, a nan akwai tashoshin nan da ake kaɗa ƙararrawa kana matsawa daga tebur zuwa tebur, wannan hoton radiyo, wancan kayan aiki, na gaba mara lafiya. Sannan shekarun babba da rubutun bincike da ta ƙarshe. Sau biyu ake yi a shekara, wajen Afrilu da Oktoba, kuma faɗuwa sau ɗaya ko biyu ba abin kunya ba ne a nan, manya da yawa sun sha ta.

Kai da ka yi karatu da Faransanci, kafin duk wannan sai ka samu rijista da hukumar likitocin Najeriya, sai kuma Turanci, ba na gaisuwa ba, na gabatar da mara lafiya da ƙarfe takwas na safe gaban mutum talatin. Ga neman gurbin kansa wanda ƴan ƙasa ma layi suke. Ba na ce ba ya yiwuwa, amma in don gudun filan ne za ka taho, nan ma akwai nasu filan ɗin. Ka riga ka san inda ka faɗi a can, ni da kai ne da na koma na gyara wannan.

Tsohon Bulok ya amsa:

Yarana sannunku, kun faɗi gaskiya, sai dai kun sa shi ya ɗauka cewa hannu ya gama, takarda kawai ta rage. A nan ban yarda ba.

Na karɓi irinku da yawa da suka fito daga gunduma. Su ne suka fi kowa daɗin aiki da ƙarfe uku na dare, jini ba ya firgita su, kuma su ne suka fi wuyar gyara. Wanda bai iya komai ba ka nuna mashi sau ɗaya ya ɗauka. Wanda ya yi shekara biyar yana ƙulla zare ta hanyar da ya koya wa kansa, yana jan hanji da ƙarfi don ba wanda ya taɓa buge mashi hannu, sai ka shekara kana kwance mashi. Ɗana, ka ce hannunka ba ya rawa, madalla. Amma waɗanda ka tura Zandar bayan kwana biyar da aiki, ciki na zubar da ƙazanta ta bakin ɗinki, ka taɓa bin sawunsu ka ji abin da aka tarar? Ba zargi nake ba, kowa a cikinmu yana da nasa. Ina nufin za ka shiga shekarar farko a ba ka ekartar, ƙarfen da ake buɗa bakin tsaga da shi, ka riƙe awa uku kana kallon wanda ka girma yana yin abin da kake ganin ka fi shi iyawa, kuma makin istaj ɗinka a nan yake, ba a gudun hannu ba. Muna duba wa ya zo zagaye kafin kowa ya san zafin jikin kowane gado, wa ya tsaya aka ƙirga kompires kafin a rufe ciki, wa ya karanta takardar kariyar tiyata ta OMS, hukumar lafiya ta duniya, mai tambaya 19 da gaske ba don a gani ba, wa ya rubuta rahoton aiki kafin ya cire riga, wa ya kira babba da wuri bai tsaya jin kunya ba. A taron bitar waɗanda suka rasu, wanda ya miƙe ya ce ni na makara wajen sake buɗewa ya fi mani wanda ya ɗora wa anastazi, wato masu sa barci.

Tun da an ce ka fara da asuba, ga taka ta gobe. Mutum mai kilo 60, fetur ya ƙona kashi 30 cikin ɗari na fatar jikinsa da ƙarfe biyu na rana, ya iso wajenka ƙarfe biyar. Ruwa nawa, wane iri, kuma zuwa ƙarfe nawa rabin farko zai ƙare? Kar wani ya amsa mashi.

Kuma in ka gama ka dawo. A 2015 kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya ce ana son aƙalla ƙwararru 20, masu tiyata da masu sa barci da likitocin mata, ga kowane mutum 100,000. Kai ka san mutum nawa ne a gundumarka kuma ka san ku nawa ne.

Likitan Daji ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Shef Ɗan Garin Malam kamar kuna bayana lokacin da nake rubuta takardar nan wlh, layi biyu na yi na faɗa bulok. Zan turo ta farko ranar Lahadi in rezo ya yarda, ku sa jan bik ɗin yadda kuka ga dama. Hajiya Ƴar Zango na sa an sayo kaye babba, majo ya ce rijistar bulok ta shekara biyar tana nan cikin kabad sai dai gara ta ɗan taɓa ta 2021. Maganar Kano na ajiye ta.

Baba Tsohon Bulok, maganarku ta zauna mani, akwai yaro guda da na tura bara da har yau ban kira na tambaya ba, na san dalilin da ya sa ban kira ba. Gobe zan nemi lambar dosiyensa. Amsar tambayarku kuma ba zan iya jiran asuba ba: 4 sau 60 sau 30, mililita 7,200 na serom ɗin Ringer cikin awa 24, rabi wato 3,600 cikin awa 8 na farko, kuma daga lokacin ƙunar ake ƙirgawa ba daga isowarsa ba, don haka zuwa ƙarfe goma na dare, awa biyar ke nan suka rage mani, ina kallon fitsari ina gyara gudun ruwan. In na yi kuskure ku faɗa.

Tsohon Bulok ya amsa:

Lissafi daidai. Ba ka duba hanyar numfashinsa ba, ba ka ba shi maganin zafi ba, ba ka tambayi rigakafin tetanus ba. 11 bisa 20. Sake rubutawa da filan.